Ciwon Suga da Idon Matashi: Ɓarnar da Ba Ta Sallama

Yaron da aka gano yana da ciwon suga yana ɗan shekara 8, ranar da ya cika 28 ya shekara 20 ke nan cur yana ɗauke da cutar. A idon jama'a yanzu ya fara rayuwa: yana ƙarasa karatu, ko ya kama aikinsa na farko, ko ana maganar aurensa. Su kuwa ƙananan jijiyoyin jinin da ke can bayan idonsa ba ruwansu da takardar haihuwa. Abin da suka sani shi ne yawan shekarun da jini mai suga ya yi yana ratsa su, da yadda sugan ya riƙa hawa a cikin shekarun. Shi ya sa za ka tarar da saurayi ko budurwa a layin asibitin ido cikin dattawa sa'o'in iyayensu, ana yi musu kallon 'yan rakiya, alhali nasu idon ya fi na dattawan shiga haɗari.

Kafin a samo insulin, sinadarin da ke sauko da suga a jini, a Toronto a 1921, matsalar idon ba ta cika samun matasa ba, saboda yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya na ciwon suga, wanda jiki ke daina samar da insulin, ba ya daɗewa a duniya har cutar ta kai ga idonsa. Da aka samu maganin, yara suka fara kaiwa girma, sai abin da ke jira a gaba ya bayyana. Wani dogon bincike da aka fara a jihar Wiskonsin ta Amurka a wajajen 1980 ya nuna cewa bayan shekara 20 da ciwon, kusan duk masu nau'i na ɗaya na da wata alama ta lahani a tantanin ganinsu, haka ma sama da kashi 60 cikin 100 na masu nau'i na biyu, wanda insulin ɗin jiki ba ya aiki yadda ya kamata. Mutanen can sun taso ne lokacin da babu na'urar gwada suga a gida, don haka alƙaluman yau sun fi sauƙi ga mai samun kulawa. Amma tsawon zama da ciwon yana nan a matsayin babban ma'auni, kuma wanda ya kamu da wuri shi ke tara shekarun da wuri.

A can ƙuryar ido ta ciki akwai wani siririn tantani, retina, mai karɓar haske ya mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Duk da ƙanƙantarsa yana cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin, kuma masu kai masa ita wasu jijiyoyin jini ne da gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Suga mai yawa, shekara da shekaru, yana kashe ƙwayoyin halittar da ke tallafe da bangon waɗannan jijiyoyi. Bangon ya yi rauni, ya kumburo nan da can, ya fara yoyon ruwa da jini da kitse, wasu jijiyoyin kuma su toshe gaba ɗaya.

Idan yoyon ya taru a tsakiyar tantanin, wurin da ake kira makula, wanda da shi ake karatu da gane fuska, sai wurin ya kumbura. Rubutu ya fara dishi-dishi, miƙaƙƙen layi ya zama a karkace, fuskar mutum ta ƙi fitowa sai ya matso. Toshewar kuwa ta fi ban tsoro, kuma ita ta fi addabar matasa masu nau'i na ɗaya. Sassan da jini ya daina isa gare su sukan saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda aikinsa kiran sababbin jijiyoyi su tsiro. Jiki gyara yake nufi, amma jijiyoyin da ke tsirowa marasa ƙwari ne, suna yaɗo a kan fuskar tantanin suna kama ruwan nan mai yauƙi da ya cika cikin ido. Wata rana ɗaya ta fashe, jini ya watsu. Idan aka daɗe, tabon da ke bin jijiyoyin yakan tsuke ya ja tantanin ya ɓamɓaro shi daga mazauninsa. Wani lokacin kuma su tsiro ta gaba su toshe mafitar ruwan ido, a samu wani mugun nau'in hawan jinin ido mai tsananin ciwo da wuyar magani. Ga kuma yanar ido, wadda kan zo wa mai ciwon suga tun kafin sa'o'insa.

Duk wannan na iya yin nisa mutum bai ji komai ba. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi. Idon ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ruwa. Muddin ɓarnar ba ta taɓa makula ba kuma jini bai zuba ba, mutum na iya karanta layin ƙarshe na allon gwajin ido yau, alhali sababbin jijiyoyin sun riga sun tsiro. In ma ido ɗaya ya fara rauni, ɗan uwansa kan rufa masa asiri, sai ranar da wani dalili ya sa aka rufe mai lafiyar sannan a gane. Ɓarnar gara ce, itace na tsaye sumul a waje, ciki ya zama gari. Don haka "ai ina gani garau" ba hujja ba ce, gwajin tabarau ma bai wadatar ba. Sai an ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe an haska ciki, ko an ɗauki hoton tantanin, ake sanin halin da ake ciki.

Wani abu kuma na ƙara ruɗar da matasa. Hawa da saukar suga kansa yana sauya yanayin madubin cikin ido, gani ya yi hazo na kwanaki ko makonni, ya washe da kansa idan suga ya daidaita. Wanda ya saba da haka tun yana yaro ya riga ya ɗauka hazon ido abu ne mai wucewa. Ranar da na gasken ya zo, na kumburin makula ko na jinin da ya fara zuba, sai ya zauna yana jira ya wuce yadda ya saba.

An daɗe ana yi wa nau'i na biyu kallon mai sauƙi, ciwon manya mai tafiyar hawainiya. A jikin yaro ba haka yake ba. A binciken da ake kira TODAY an bi sawun matasa 500 a Amurka da suka kamu da shi tun suna yara, aka fitar da sakamakon a 2021, lokacin matsakaicin shekarunsu 26, sun kuma yi kimanin shekara 13 da ciwon. A gwajin 2010 zuwa 2011 kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da lahani a tantanin ido. A gwajin 2017 zuwa 2018 adadin ya kai kashi 51, ga hawan jini da matsalar ƙoda a jikin fiye da rabinsu. Da yake nau'i na biyu kan yi shekaru a ɓoye kafin a gano shi, likitoci suka ce mai shi a duba idonsa tun daga ranar ganowa, mai nau'i na ɗaya kuma cikin shekara 5 na farko, daga nan a riƙa maimaitawa, akasari duk shekara.

To me ya sa matasa, waɗanda suka fi kowa asara idan gani ya tafi, su ne aka fi rasawa a wajen duba ido? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce sakaci, ni kuwa ban gamsu da ita ba. A shekarun balaga sinadaran girma na rage tasirin insulin, suga ya riƙa gardama ko da yaro na bakin ƙoƙarinsa. Wata babbar rajista ta masu nau'i na ɗaya a Amurka ta nuna cewa ma'aunin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kimanin wata 3, yana kai ƙololuwa ne tsakanin shekara 15 zuwa 18, inda yake haura 9, alhali 7 ko ƙasa ake nema. A daidai wannan gaɓa kuma komai ke sauya hannu. Uwar da ta riƙe ranakun asibiti a ka ta sakar masa ragama. Likitan yaran da ya san shi tun yana ƙarami ya miƙa shi sashen manya, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya bar gida zuwa makaranta ko aiki a wani gari. Ga gajiya da cutar da ba ta ba da hutu ko na yini guda: allura sau 4 ko fiye kullum, lissafin kowace loma, fargabar faɗuwar suga cikin dare. Matashin da ya daɗe a haka ya ce bari ya ɗan zauna kamar sa'o'insa, gajiya ce ta ci ƙarfinsa.

Ba ina raina daidaita suga ba ne, hujjarsa ƙarfi gare ta. Daga 1983 zuwa 1993 an gudanar da binciken DCCT a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, 'yan shekara 13 zuwa 39. Waɗanda aka tsananta wa kulawa suka riƙe HbA1c a wajajen 7, sauran a wajajen 9. Wannan tazara ta rage haɗarin kamuwa da ciwon tantanin ido da kashi 76 cikin 100 ga waɗanda bai taɓa ba, ta rage ci gabansa da kashi 54 ga waɗanda ya fara taɓawa. Da aka ci gaba da bin su bayan an kammala, sugan ɓangarorin biyu ya dawo kusan ɗaya, amma waɗanda suka samu shekarun kirki da farko suka ci gaba da cin moriyarsu shekaru masu yawa.

Sai dai wannan gaskiya ta koma bulala a hannun mutane. Matashi ya zo da jini a ido, abin da zai fara ji daga 'yan uwa, wani lokacin har daga ma'aikacin asibiti, shi ne me ya hana shi kula da kansa. Ana tuhumar ɗan shekara 27 da laifin ɗan shekara 15, yaron da ba shi ke sayen magani ba, ba shi ke zaɓar asibiti ba, bai kuma samu irin na'urorin da ake da su yanzu ba. An manta cewa ko a DCCT, inda ƙwararru ke bibiyar mahalarta a waya akai-akai, waɗanda aka matsa wa sun fuskanci mummunar faɗuwar suga kusan ninki 3 na sauran. An manta kuma jiki ba ɗaya ba ne. A cibiyar Joslin da ke Boston an duba mutanen da suka haura shekara 50 da nau'i na ɗaya, aka tarar sama da kashi 40 cikin 100 ba su kai matakin tsirowar sababbin jijiyoyi ba, kuma sugansu na lokacin bai bambanta su da waɗanda suka kai ba. Wani ya yi ƙoƙari idon ya taɓu, wani ya yi sako-sako ya tsira.

Bayan rashin adalci, zargin yana da illa a aikace. Wanda ya san faɗa zai sha yakan ɗage zuwa asibiti, ya ce bari suga ya ɗan gyaru tukuna kada a ga mummunan sakamako. Wata 3 ya zama shekara, shekara ta zama 3, kunya ta ƙaru, komawa ta ƙara nauyi. A cikin wannan giɓi ake rasa ido. Yawancin makantar da ciwon suga ke jawowa abin tarewa ne in an kama shi a kan lokaci, kuma a ganina abin da ya fi kai matashi ga duhu shi ne tsinkewar zuwa asibiti, wadda tsoro da kunya da rikicin waɗannan shekaru ke haddasawa. Inda babu likitan ido kusa, ko babu halin biyansa, giɓin ma ba zaɓinsa ba ne.

Ko wanda ya farka akwai tarko a gabansa. Matashin da ya firgita bayan an nuna masa hoton idonsa yakan so ya rama shekara 10 cikin wata 2, ya sauko da suga a guje. An lura tun a DCCT cewa saukar gaggawa irin wannan kan sa ciwon idon ya ƙara tsanani na ɗan lokaci, musamman ga wanda sugansa ya daɗe a sama kuma idon ya riga ya taɓu. Daga baya amfanin yana rinjayar koma-bayan, ba a ce a bar suga a sama ba. Abin da ake so shi ne likitan suga da na ido su san abin da juna ke ciki, a duba idon kafin a fara, a matso da ranakun dubawa, a kuma sanar da mara lafiyar tun da wuri. Ba ƙaramin karyewar zuciya ba ne mutum ya yi ƙoƙarin da bai taɓa yin irinsa ba, sannan a ce masa idon ya ƙara lalacewa. Hawan jini ma na buƙatar irin wannan kulawa, domin binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna tun 1998 cewa sauko da shi na rage ci gaban ciwon idon.

Macen da ke da ciwon suga tun kafin ciki na da nata lissafin. Juna biyu na iya hanzarta ciwon tantanin ido, ga shi kuma lokaci ne da ake matsa wa suga don lafiyar jariri. Shawarar likitoci ita ce a duba ido kafin ɗaukar ciki in da hali, ko a watanni 3 na farko, a ci gaba da bibiya har shekara guda bayan haihuwa gwargwadon abin da aka gani. Wannan ba dalilin hana ta aure ko haihuwa ba ne, kuma ciwon idon shi kaɗai ba ya tilasta haihuwa ta tiyata.

Magani kuwa akwai shi, kuma yana aiki. Wani likitan ido Bajamushe, Gerd Meyer-Schwickerath, shi ya fara ƙona tantanin ido da haske don magani a ƙarshen shekarun 1940, da hasken rana ma ya fara. Daga baya leza, na'ura mai harba siririn haske mai ƙarfi, ta karɓi aikin, a shekarun 1970 kuma wani babban bincike a Amurka ya tabbatar cewa yi wa gefen tantanin ɗigo-ɗigon ƙuna na rage haɗarin mummunar asarar gani da rabi ko fiye. Ana sadaukar da gefe ne a ceci tsakiya. Idan aka kashe sassan da ke kukan rashin oksijin, kiran VEGF ya ragu, sababbin jijiyoyin su motse. Abin da mutum ke rasawa shi ne wani ɓangare na ganin gefe, wasu kuma su fara dundumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙi ko mai aikin dare.

Sai aka shigo zamanin allura. Magungunan da ke toshe VEGF, irin su ranibizumab, aflibercept da bevacizumab, ana yin su ne ta farin ido bayan an kashe zafin wurin da ɗigo. Jin labarin ya fi allurar kanta tayar da hankali, aikin 'yan daƙiƙoƙi ne. Su suka sauya labarin kumburin makula, domin mutane da yawa suka riƙa samun ƙarin gani maimakon tsayar da asara kawai. A 2015 wani gwaji a Amurka ya nuna ranibizumab bai gaza leza ba wajen maganin sababbin jijiyoyi a tsawon shekara 2, ya kuma fi ta barin ganin gefe. Amma ƙarfin allurar na makonni ne. Da farko kusan duk wata ake yin ta, in aka daina zuwa jijiyoyin kan dawo. Da aka duba marasa lafiyar da suka ɓace wa asibiti na watanni, waɗanda allura kaɗai aka yi wa sun dawo da ido mafi lalacewa fiye da waɗanda aka yi wa leza.

A nan ne nake ganin ya wajaba a faɗa wa juna gaskiya a ɗakin likita. Maganin da ya fi kyau a takarda ba lallai ne ya fi dacewa da ɗan shekara 24 mai aikin da ba a ba shi izinin fita, mai shirin ƙaura zuwa wani gari, wanda aljihunsa ba shi da tabbas ba. Idan aka tambaye shi ko zai iya zuwa duk wata, "to, likita" ta kunya ba za ta amfane shi ba. Gara ya ce, "Likita, gaskiya ba na jin zan iya," a tsara magani a kan haka, ko da leza ce mai cin gefe, ko a haɗa biyun. Shi ma likita hakki ne a kansa ya yi tambayar ta yadda za a iya ba shi amsar gaskiya. Idan jini ya ƙi washewa ko tabo ya fara jan tantani, sai tiyata, a zuƙe ruwan mai yauƙi da jinin, a yanke tabon, a mayar da tantanin wurinsa.

Wannan na asibiti ke nan. A gida da wurin aiki abin da ya fi gajiyar da mutum shi ne rashin tabbas. Yau ya yini yana aiki a kwamfuta lafiya, gobe ya farka da baƙaƙen zare-zare suna yawo a ido, kafin rana ta yi tsaka jan hazo ya rufe komai. A ce masa ya riƙa kwana da kai a ɗage, ya jira makonni jinin ya kwanta. Ya washe, ya koma aiki, bayan wata 2 ya sake zuba. Ba ya iya yi wa kowa alkawarin mako mai zuwa. Idon kuma a waje lafiyarsa ƙalau, don haka ba a yarda da shi. Jiya an gan shi yana karanta saƙo a waya, yau ya wuce aboki bai gaishe shi ba, sai a ce girman kai ne. A wurin aiki yana auna ko ya faɗa a fara ganinsa a matsayin kaya, ko ya yi shiru ya ci gaba da kurakuran da ba a san dalilinsu ba. Maganar tuƙi ta fi zafi, don ga wasu abin hawan shi ne sana'ar, sai su ɓoye har su jefa kansu da wasu cikin haɗari. Ciwon damuwa dama ya ninka kusan sau 2 a masu ciwon suga, balle an ɗora masa tsoron makanta. Wanda ya kai ga daina barci ko daina yin allurarsa saboda ƙunci, wannan ma magana ce ta ɗakin likita, daidai da maganar ido.

Mun saba cewa ciwon ido sai haƙuri. Haƙurin na da wurinsa a makonnin jiran jini ya kwanta, bayan likita ya duba. Kafin dubawa ba shi da wuri. Baƙaƙen ɗigo da suka ƙaru farat ɗaya, walƙiya a gefen ido, inuwar da ta rufe wani sashe na gani, gani ya faɗi kwatsam, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, duk waɗannan na ranar ne, ba a kai su mako mai zuwa.

Akwai wani ƙulli da ba a cika maganarsa ba: ciwon suga da ido ake sarrafa shi. Da ido ake karanta lambar na'urar gwaji, da shi ake auna insulin a sirinji mai ƙananan layuka, da shi ake bambanta insulin mai saurin aiki da mai jinkiri, waɗanda musayarsu da dare kan kai mutum ga suma. Da ido ake duba tafin ƙafa a ga raunin da ƙafar da ta daina ji ba za ta sanar ba. Daidai lokacin da ake ce wa mutum ya ƙara kula, lokacin ne kayan kulawar ke suɓuce masa. Mafita na nan, kuma ya kamata a koya masa tun bai tambaya ba. Alƙalamin insulin na yin ƙara a kowane awo, ana iya ƙirgawa da kunne. Ɗaura roba a jikin ɗaya na sa hannu ya bambanta su. Akwai na'urar gwaji mai magana, akwai wadda ake mannawa a fata tana aika sakamako zuwa waya, wayoyin kansu kuma suna zuwa da manhajar karanta allo, VoiceOver ko TalkBack. Koyon waɗannan, har da riƙe farar sanda ga mai buƙata, ba karaya ba ce, kuma ya fi sauƙi tun mutum na da sauran gani. Mai ɗaga ƙarfe ko wasanni masu girgiza jiki kuma ya tuntuɓi likitan ido idan sababbin jijiyoyi sun tsiro, kafin ya ci gaba.

Ingila ta nuna abin da tsari kan yi inda faɗa ya kasa. A 2003 ta fara shirin ɗaukar hoton idon duk mai ciwon suga daga shekara 12 zuwa sama, ana aika masa gayyata ba sai ya nema ba, shirin ya game ƙasar a 2008. Wani nazari da aka buga a 2014 ya gano cewa a Ingila da Wales, karon farko cikin aƙalla shekara 50, ciwon suga ya sauka daga matsayin babban sanadin makanta a tsakanin masu shekarun aiki, cututtukan tantanin ido na gado suka shige gabansa. Ingantar kula da suga na da kaso a nasarar, amma kama cutar tun ba ta yi magana ba ya taka babbar rawa. Duk da haka, ko a can matasa ne suka fi kowa barin gayyatar ta wuce.

Matashin da ya ɓace shekara 3 ya dawo, abin da ya dace ya fara ji shi ne an ji daɗin zuwansa. A duba idon a ranar, a ba shi ranar dawowa a hannu da lambar da zai kira in jini ya zuba. Tarihin sugansa na nan cikin fayil, ya fi kowa saninsa, ba sai an karanta masa ba. 'Yan uwa da abokai kuma, in suna neman abin yi, akwai aikin da ya fi tambayar nawa suganka yau. Maganin da ake ɗigawa a buɗe ƙwayar ido na sa gani ya yi hazo, haske ya riƙa damun mutum na awa 4 zuwa 6, kuma ba a so ya yi tuƙi a haka. Yana buƙatar wanda zai kai shi, ya jira, ya dawo da shi gida, in kuma mai karɓar allura ne, wata mai zuwa ma haka.